Sabis a Ɗakin Shiuli

"Ba zan kira shi ba, Abba. A nemi wani."

Ni ce na faɗi haka, ni Rehana, matar babban ɗan gidan, wadda tun da aka kawo ni Baliyapur ban taɓa mayar wa surukina magana ba. Abba ya ɗago kai daga gadon da yake kwance tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, ya dube ni kamar ya ga akuya ta yi sallama.

"Wani wa, Bouma?" Haka yake kirana, kamar yadda kowane suruki yake kiran matar ɗansa. "Duk kasuwar nan wa ya san kan waya irin Tuhin? Ko so kike gobe a tara jama'a, Kazi ya buɗe littafinsa, ango yana can Oman yana ta 'alo, alo' kamar mai kiran agwagi?"

Gaskiya ya faɗa.

Washegari Juma'a za a ɗaura auren Shiuli, ƙanwar mijina, da Mizan, direban tankar ruwa a Oman. Maigidansa ya hana shi hutu, don haka ta waya za a ɗaura, kamar yadda aka ɗaura na mata da yawa a layinmu. Sai dai Kazin namu, wanda yake ɗaura aure ya rubuta shi a littafin hukuma, mutum ne mai tsauri. Ya ce sai shaidu sun ga fuskar ango, sun ji muryarsa tar. In ta yanke a tsakiyar magana ba ta dawo ba, to zai rufe littafi ya ɗauki lemarsa.

Gidanmu kuwa kwano ne a sama, kwano ne ta gefe huɗu. Sabis yakan zo ƙofar gida ya tsaya kamar baƙon da ba a yi wa iso ba. Wuri ɗaya yake kamawa, bakin tafkin bayan gida, gindin kwakwa. Damina ta cika tafkin ya tumbatsa, ruwa ya kai gwiwa a wurin. Ko da babu ruwan ma, wa zai ciccibi Abba zuwa can? Shi kuma ya rantse ba za a ɗaura auren 'yarsa a shagon wani ba, ya ji labari a bakin mutane.

Abin da ya hana ni kiran Tuhin, ba abin da zan iya faɗa wa Abba ba ne.

Shiuli ta yi shekara huɗu a Gazipur tana ɗinka wuyan riga a kamfanin ɗinki. Ciwon Abba ne ya dawo da ita gida, don mijina Sohel ma'aikacin jirgin ruwa ne, sai ya yi watanni bai taka ƙasa ba. Ba ta daɗe da dawowa ba wayarta ta faɗa cikin ruwan shinkafa, ta kai ta shagon Tuhin. Wayar ta gyaru, ita ce ba ta dawo daidai ba.

Tun daga nan kullum la'asar sai ta kwashi tukwane ta nufi tafki. Duk garin babu gidan da tukwanensa suke sheƙi kamar namu. Ni nake tsare mata Abba, in ya tambaya in ce wanke-wanke take yi.

Uwar Tuhin, wadda muke kira Khala Anowara, wato Inna Anowara, ita ce ta kafe. Ta ce 'yar da ta kwana ɗakin haya a birni, ba uba ba wa, ba za ta taka mata tsakar gida ba. Shi kuma kullum maganarsa ɗaya ce: "Ki ba ni lokaci in shawo kan Ammu." Damina uku yana shawo kan Ammu, wato uwar tasa.

Da uwar Mizan ta zo da kwalin alawa tana neman auren, Abba ya kira Shiuli ya zaunar da ita a bakin gadonsa. Ya ce, "Ke ba yarinya ba ce, ba kuma zan zaɓa miki ba. In akwai wani a ranki, ki ce ya zo in gan shi." Ta kira Tuhin ta faɗa masa. Ya ce ta ba shi lokaci. Ta jira har wata ya mutu wani ya tsaya, sannan ta je da ƙafarta ta ce wa Abba ta amince da Mizan.

Na bar ɗakin Abba na ɗaga labule na shiga nata. Tana zaune a kan tabarma, jikinta rawaya da kurkum ɗin da mata suka shafa mata da safe, idanunta sun kumbura.

"Na ji ku," ta ce. "Ki kira shi, Bhabi." Haka ake kiran matar wa a garinmu.

"Kin yi hauka? Shi zai zo da hannunsa ya gyara hanyar da za a ɗaura miki aure da wani?"

"Ki kira shi." Ta share hanci da bakin mayafinta. "Ko sau ɗaya dai in ga ƙafarsa a cikin gidan nan kafin in bar shi."

* * *

Da hantsi Tuhin ya iso, ya tattare zanen lunginsa zuwa gwiwa, lema a hannu, jaka a kafaɗa. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito. Na ji tausayinsa ya taso mini, na danne shi da gangan.

Ya tsaya a tsakar gida ya yi sallama da muryar da ko kaza ba za ta ɗago kai ba.

"Shigo mana, Tuhin Bhai," na ce, Bhai ɗin nan kamar a ce Yaya. "Ƙasar gidan ba ta cizo."

Ya shiga ya gaida Abba, ya durƙusa ya taɓa ƙafarsa. Abba ya sa na kawo shayi da biskit, ya tambaye shi kasuwa, ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa. Tuhin yana amsawa yana kallon ƙasa.

Sannan ya soma aiki. Ya karɓi wayata, wadda da ita za a yi kiran, ya kashe ya kunna. Ya cire layin ya goge da bakin rigarsa ya mayar. Ya sa nasa layin na wani kamfani, duk ɗaya. Ya bi ɗakin Abba kusurwa-kusurwa yana ɗaga wayar sama, ya leƙa da ita ta taga, sanda ɗaya ta fito ta ɓace. Ni kuwa ina daga bakin ƙofa ina roƙon Allah a zuciyata ya sa ya ce ba za ta yiwu ba.

"Chacha, wayar lafiyarta lau," ya ce da Abba, wanda yake kira Chacha, wato Baffa. "Kwanon gidan ne yake tare sabis. Ga bishiyoyi kuma sun rufe ku. Ƙarfen sabis ɗin yana can hayin kogi, bayan kasuwa. Sai an ɗaga eriya sama ta hango shi, a jawo kebul cikin ɗaki zuwa wannan." Ya ciro wani ɗan farin akwati daga jaka. "A nan za a sa layi, shi zai raba wa wayoyin gidan."

"Zai yi kafin Juma'a?"

Ya dubi labulen ɗakin Shiuli. "Zai yi, Chacha."

Da ina da ikon mari a ranar, da ya sha shi.

Ya ari adda ya saro gora mafi tsawo a bayan madafa, ya fiƙe ƙasanta, ya ɗaura eriyar a samanta. Ya kafa ta a kusurwar gidan, tsakanin tagar Abba da tagar Shiuli, ya ɗaure da igiyar rama. Ƙasar ta jiƙe sharaf, gorar sai lumewa take kamar a cikin kunu. Da ya gama ya ɗauki ƙusa ya huda kwanon ɗakin Shiuli, don nan ne kusa da wuta.

"Bhabi," ya kira ni daga waje, "wani ya ja kebul ɗin ta ciki."

Ban motsa ba. Shiuli ce ta tashi ta kama bakin kebul ɗin da ya leƙo ta hudar.

Kwano ne kawai a tsakaninsu, shi yana turawa ita tana ja. Na ƙara wa Abba muryar rediyo na saki labule, na dawo na zauna ina tsintar shinkafar da na riga na tsince.

"Kin rame," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ta ina ka gan ni?"

"Na ga hannunki ta taga."

Ta ja kebul ɗin har ya kai kan kabad. Ya miƙo akwatin ta taga, ya gaya mata ramin da za ta soka kowanne. Wata 'yar fitila ta kama ja, ta koma shuɗiya. Ya karɓi wayarta da tawa ya daddanna ya maido.

"Zan je bakin hanya in kira, a gwada."

Ta zauna a bakin gadonta da wayar a cinya. Can sai ta yi ƙara. A cikin ɗakin nan, inda tun da aka gina shi waya ba ta taɓa yin kuka ba. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi.

Ta ɗauka. Fuskarsa ta cika gilashin, har ɗigon ruwan da ke gashin girarsa ana gani.

"Kina ji na?"

"Ina jin ka."

"Ba ya yankewa?"

"Ba ya yankewa." Ta ƙura wa wayar ido. "Tuhin, yaushe ka koyi wannan aikin?"

"Ai ya daɗe. Tun kafin ki dawo daga Gazipur nake sa wa mutane."

Na ga lokacin da maganar ta shige ta. Ta dafe ƙirji.

"Ka dawo tagar nan," ta ce. "Yanzu."

* * *

Ya dawo ya tsaya a jikin tagar, ruwa yana zuba daga bakin kwano a kan lemarsa.

"Tun kafin in dawo," ta maimaita. Hawaye ya wanke kurkum ɗin kumatunta ya yi layi biyu. "Damina uku ina tsaye a gindin kwakwa. Sauro ya ci ni, matsattsaku sun sha jinin ƙafata, ga tabon nan. Sau nawa na kwanta zazzaɓi saboda dukan ruwa? Ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon Allah, in ji rabin maganarka in ƙarasa rabin da zuciyata. Ashe aikin hantsi ɗaya ne?"

"Shiuli, da wane suna zan shigo gidanku?"

"Da sunanka! Yau da wane suna ka shigo?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kin san Ammu. Ni kaɗai gare ta. Ta rantse in na kawo ki za ta tattara ta koma gidan ƙaninta, kuma ba za ta yafe mini nonon da na sha ba. Jiya ko abinci ban iya ci ba. Wallahi tun da na ji an sa rana ban san barci ba."

"Ni na san shi?"

"To ya kike so in yi?"

Ta matsa ta kama ƙarfen tagar da hannu biyu. Muryarta ta yi ƙasa, ta fi kukan ciwo.

"Na daina neman Ammunka. Ta ƙi ni, ta ƙi ni, zan zauna da ƙiyayyarta, in wanke mata ƙafa har ta gaji. Na yi tsayuwar wuni a gaban keken ɗinki, shugaban aiki yana zagin uwata da ke kabari, ban mutu ba. Kai nake nema. Ga Abba can a kwance, labule ne tsakaninmu da shi. Ka shiga ka ce masa kana so na. Shi ke nan. Ko Kazi ya buɗe littafi, ko ya ɗora alƙalami, in ka buɗe baki zan ce ban yarda ba. Kunyar garin nan duka ni zan ɗauke ta. In durƙusa wa uwar Mizan, matar da ta riƙe hannuna ta ce aikin kamfani ba abin kunya ba ne, in ce ta yafe mini. Duk zan yi. Kai dai ka faɗa."

Yana kuka shi ma, babban mutum da gemu. Ya waiga hagu da dama, ya matso da bakinsa.

"Akwai dabara. In na sassauta kebul ɗin daga sama, ba wanda zai gane. Zai riƙa kamawa yana saki. Kazi zai tashi. Mizan ba shi da hutu sai wata Juma'ar. Kin ga mun sami sati guda, in sake zama da Ammu..."

Ta saki ƙarfen tagar kamar ya ƙone ta.

"Sati guda."

"Ki saurare ni."

"Ka tara wa mahaifina mutane, an yanka akuya, an dafa shinkafa, sannan ka kunyata shi a ɓoye don kai kada ka ji kunya a fili? Kebul ne zai yi maka magana?" Ta juyo gare ni tana dariyar da ta fi kuka muni. "Bhabi, kin ji? Lokaci yake so a ƙara masa."

"Na ji," na ce. "Tuhin Bhai, ruwa yana dukanka. Je ka zauna a baranda, ko ka shiga wurin Abba. Duk wanda ka zaɓa."

Ya dubi ƙofar ɗakin Abba. Sannan ya nufi baranda.

* * *

Ana saukowa daga Juma'a gida ya cika. Maza a ɗakin Abba da baranda, mata a ɗakin Shiuli, takalma cike da taɓo a bakin ƙofa. Ƙamshin shinkafa da naman akuya ya haɗu da warin jiƙaƙƙun tufafi. Muka naɗa mata jan sari, uwar Mizan ta sa mata awarwaro da hannunta tana ta sa mata albarka.

Sai ga Khala Anowara.

A garinmu ba a ware maƙwabci a gayyar aure, amma ban zaci za ta iya zuwa ba. Ta shigo fes da ita, bakinta ja wur da ganyen pan ɗin da take taunawa kamar goro, fuskarta wasai kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

"Masha Allah, amarya ta yi kyau," ta ce tana ɗaga haɓar Shiuli. "Ai an dace. Wadda ta saba zaman waje, sai wanda yake zaman waje. Allah dai yana haɗa kowa da daidai shi."

"Haka ne, Khala," na ce ina miƙa mata kujera. "Shi ya sa wasu mazan yake barin su da iyayensu mata har tsufa."

Mata suka yi ƙus-ƙus suna rufe baki. Ta watsa mini harara, ta ja kujerar ta kai jikin taga ta zauna, wai tana son iska.

Iskar kuwa ta zo. Hadari ya haɗo daga wajen kogi, ganyen ayaba suka soma kaɗawa, kwanon gidan ya ɗauki ƙara. Ana kiran Mizan ya ɗauka, ga shi cikin farar riga da hula, abokan ɗakinsa sun cika bayansa suna washe baki. Ya gaida Abba, ya gaida Kazi. Yana cikin gaida uwarsa hoton ya tsaya cak, bakinsa a buɗe.

"Gorar ce take rawa!" wani ya faɗa daga baranda. "Ƙasar ta saki!"

"Tuhin, ɗana," Abba ya kira, "taimaka ka riƙe mana ita har a gama."

Haka ya fita cikin ruwan, ba lema, don hannu biyu aikin yake so. Ya rungumi gorar ya juya ta a hankali har ta fuskanci hayin kogi. Mizan ya dawo yana motsi. Daga inda nake zaune kusa da Shiuli ina hango Tuhin ta taga, ta saman kafaɗar uwarsa. Abba ma yana hango shi ta tasa tagar.

Kazi ya yi huɗuba. Sannan ya taso da shaidu biyu suka tsaya a bakin labulenmu, ɗaya yana riƙe da wayar don ango ya ji da kunnensa. Ya karanto sunan Mizan da na mahaifinsa, ya faɗi sadaki, ya ce, "Shiuli Akter, in kin amince, ki ce kabul."

Shiru.

Ba wanda ya damu. Amaryar garinmu ba ta amsawa a tambayar farko, sai a ce ta ƙosa. Takan yi kuka, a lallashe ta, a shafa bayanta, sannan ta faɗa can ƙasan maƙoshi.

"Faɗi mana, 'yar nan," in ji wata tsohuwa. "Duk mun faɗa, ba mu mutu ba."

Kazi ya sake tambaya. Shiru.

Hannunta yana cikin nawa, sanyi ƙalau. Kanta a sunkuye cikin mayafi, amma na san ba ƙasa take saurare ba. Kunnenta yana wajen taga.

Ni ma can nake kallo. Shi ya sa na gani. Iskar ta ɗan lafa a lokacin, ganyen ayaba ma sun tsaya. Na ga Tuhin ya runtse ido, ya murɗa gorar da hannunsa, ya kawar da kanta daga hayin kogi.

"Ya ɗauke!" mai riƙe da wayar ya ce. "Hoton ya tsaya!"

Ɗaki ya kaure da hayaniya. Uwar Mizan ta soma salati. Kazi ya ɗaure fuska ya ce shi fa ya faɗa tun farko, in bai dawo ba zai tashi. Shiuli ta ɗago ta dube ni. Ta karanta a fuskata. Ta rufe ido, hawaye masu zafi suka ɗigo a bayan hannuna.

"Ku yi mini shiru."

Abba ne. Tun da ya kwanta ciwo ban ji muryarsa ta fita haka ba. Gidan ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a kan kwano.

"A ɗaga ni." Aka tallafe shi ya jingina da jikin tagarsa. "Tuhin."

"Na'am, Chacha."

"Iska ce, ko akwai wata matsalar da ya kamata in sani?"

Ashe ya sani. Duk wanke-wanken nan, duk rediyon da nake ƙara masa, tsohon nan yana kwance yana jin komai.

Tuhin ya ƙanƙame gorar. Ruwa yana bin fuskarsa yana shiga bakinsa.

"Ina sauraronka, ɗana," Abba ya ce a hankali. "Gidana ne nan. Kazi zai jira, baƙi za su jira. Duk abin da yake bakinka ka faɗe shi, babu wanda zai taɓa ka, babu wanda zai kore ka. Ba a rubuta komai ba tukuna."

Shiuli ta damƙe hannuna har awarwaronta ya shige mini fata. Na ji tana motsa baki, sunansa take kira ba sauti. Ni da nake jin haushinsa tun jiya, wallahi a lokacin da za a ce in ba da shekara goma daga rayuwata ya buɗe baki, da na bayar.

Ya ɗago kai. Ya buɗe bakin.

Khala Anowara ta karkata ta tofar da jan yawun pan ta taga, a gaban ƙafarsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tuhin," ta ce. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Iska ce, Chacha."

Abba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce a kwantar da shi, ya juya fuskarsa bango.

Gorar ta juya ta koma hayin kogi. Wayar ta yi 'yar ƙara, muryar Mizan ta cika ɗakin, tar da ita kamar yana zaune a cikinmu. "Kuna ji na? Ammu, kuna ji na? Lafiya dai ko?"

Kazi ya gyara murya. "Shiuli Akter, karo na uku, in kin..."

"Kabul."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta yaye mayafin daga fuskarta, abin da ban taɓa ganin amarya ta yi ba, ta juya ta fuskanci taga.

"Kabul. Kabul."

Da ƙarfi ta faɗa, har ya fi ƙarar ruwan. Tsofaffin mata suka dubi juna suna riƙe baki. Shaidu suka ce sun ji, aka ɗauki alhamdulillahi, uwar Mizan ta rungume ta tana kukan murna. Shiuli ta sulale a jikina, ta cusa fuskarta a wuyana tana kuka. Kowa ya ɗauka kukan amarya ne. Ni ma na fashe da nawa, ban damu da wanda zai gani ba.

A waje na ga hannuwan Tuhin sun soma zamewa daga jikin gorar. Hoton Mizan ya ɗan girgiza.

Kazi ya leƙa ta tagar Abba, alƙalami a hannu.

"Kai, mai gyara! Riƙe da kyau mana, kada ka saki. Saura na ango."